Daga Inda Inna Hindu Take Zama

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, Malam Sha'aibu. Wakilin magajin garin Tasawa. Malamanmu na masallaci da na majami'a. Iyaye mata da kuka baro aiki a gida. Da ku matasa ashirin da za ku fara karatu yau: ina gaishe ku, ina kuma gode muku da wannan zama.

Sunana Abdulhakim, ɗan Kona. An ce in faɗa muku yadda ake fara aiki da injin nan na cikin shafin intanet, wanda ke gina abu da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa har mutum ya zagaya shi. Ba zan ɓoye muku ba, ni ba son ilimi ya kai ni gare shi ba, kewar gida ce.

Shekara uku ke nan da ruwan sama ya kwantar da gidanmu na Kona. Na ɗauko mahaifiyata, Inna Hindu, zuwa nan. Ta rage magana, ta rage cin tuwo, ga idonta yana dushewa, likita kuma ya ce ba zai daɗe ba. Ko hoto ɗaya na gidan ba mu da shi, don wa ke ɗaukar hoton inda yake kwana kullum? Sai na ƙudura cewa za ta sake ganin gidanta kafin idon ya rufe.

Abu na farko da injin ke buƙata shi ne fili. Da ordinatar ta aro, wato kwamfuta, da rezo na intanet mai zuwa yana komawa, na jera zaure da ɗakuna uku, na ɗora rumbu bisa duwatsunsa, na dasa bedi, itacen dogon yaron da babanmu yake ɗaure akuya a jikinsa.

Abu na biyu haske ne. Ran da na fara buɗe aikin, baƙi ƙirin na gani, har na zargi na'urar mutane da lalacewa. Ashe ni ne ban sa rana ba! Za ku yi wannan kuskure, kuma kada ku ji kunya.

Abu na uku, wanda ya tara mu, shi ne idon da ake kallo da shi, wato kamara. Ni da iyayina sai na rataye ta can sama, don a ga komai lokaci guda. Na kai wa Inna ina washe baki. Ta duba, ta duba, ta ce, "Gidan wa ne wannan?"

Jama'a, raina ya ɓaci ƙwarai. Wata biyu ina fama! Na ce, "Inna, ga rumbu, ga bedi." Ta ce, "Ɗan nan, ni shaho ce? Yaushe na taɓa ganin gidana daga bisa? Sauko."

Na sauko da kamarar daidai tsayin mutum. Ta ce, "Haka babanku ke ganin shi in ya shigo. Ƙara saukowa." Na yi ta saukowa har na kai tsayin mace zaune bisa 'yar kujera a bakin murhu, inda ta shekara arba'in tana tuƙa mana tuwo. Daga nan rumbu ya yi girma, ƙofar zaure ta koma gefen hagu, inuwar bedi ta zo har ƙafa.

Sai Inna ta ɗora yatsa bisa ƙofar zauren, ta ce, "To. Ta nan nake ganin ku kuna dawowa daga gona." Ran nan ta cinye tuwonta.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, fili za mu koya muku, haske za mu koya muku, amma inda za ku aje ido, ku je ku tambayi masu wurin tun suna iya nuna muku. Bayan wata huɗu idon Inna ya rufe. Ga ta nan zaune a layin gaba, ba ta ganina, amma har gobe in na tambaye ta ina ƙofar zaure, hagu take nunawa.

Allah Ya buɗa wa ɗaliban nan basira, Ya jiƙan waɗanda suka gina mana gidajen da muka tashi ciki, Ya ba iyayenmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.