Sankara a Takardar Jari

A tashar Sabo ta Ibadan, Gwadabe mai shanu yana jiran motar Ikko, hannunsa dafe da aljihun da kuɗin bijimansa huɗu ke ciki. Ya juya ga wani dattijo da goro ya rina wa haƙora.

"Baba, ka san hannun jarin nan? An ce in saya."

"Ka faɗo hannun gwani," in ji dattijon. "Ka ba dillali fam ɗari, ya ba ka takarda cewa kana da rabo a kamfani. Ba ka ganin kayan, balle ka ɓara ka ɗanɗana."

"Ribar fa?"

"Duk shekara a aiko maka. Ni na kamfanin siminti na saya. Da aka fara jita-jitar yaƙi, farashi ya sauka da sisi. Mu 'yan goro, da mun ga ƙwaya ɗaya da sankara, mun san huhun ya tafi. Ran nan na sayar, har ina yabon wayona."

"Ka tsira ke nan."

"Ƙwarai kuwa. Akawun da ya sayi nawan ya yi bene a unguwar Mokola. Kullum na wuce sai ya rusuna ya gaishe ni."

Gwadabe ya ƙara danne aljihunsa. "To in koma gida?"

"Saya, ka jefa a adaka, ka manta. Takarda ba ta ruɓewa."

"Kai fa, Baba, me zai kai ka Ikko?"

"Zan sake sayen nawa ne. Farashinsa ya ninka sau uku."