An Yi wa Sola Rumfa

A kan benci, ƙofar shagon mai gyaran sola, wata mai ɗinki tana jiran layi ya zo kanta, sai wani dattijo ya zauna gefenta rungume da batir.

"Baba, kai ma sun cuce ka ke nan?" ta ce. "Mu wata biyu da sa mana, ko fanka ba ya juyawa, balle keken ɗinki. Ga kayan mutane jibge."

"A ina kuka kafa farantin?"

"Tsakar gida. Kuma muna kula da shi, wallahi. Maigidana har rumfa ya yi masa."

"Rumfa?"

"To, zafin bana da ya farfasa mana bokitai, shi zai ƙyale abu mai tsada haka?"

Dattijon ya yi dariya har da tari. "'Yata, ai rana ce abincinsa. Kun hana shi ci, kuna cewa ya yi aiki."

Kunya ta kama ta, amma ita ba ta saba barin magana ta wuce ta ba. Ta dubi batirinsa.

"To kai da ka sani, me ya kawo ka?"

"Nawa daban ne. Batirin ne ba ya cika."

"Ina naka farantin?"

"Yana ɗaka. Unguwarmu akwai ɓarayi. In zan fita aiki da safe sai in kulle shi, in na dawo da yamma in fito da shi."

Mai ɗinkin ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta matsa masa.

"Wuce gabana, Baba. Namu ko ba komai yana shan iska."