Sabon Fenti a Wuyan Keke

Ni na riga kowa ganin sabon fenti a wuyan keken nan, ni da na shekara arba'in ina taka keke ban taɓa zama a aji ba. A rumfar Amiru mai kekuna a kasuwar Rano, wani manomi daga ƙauyen Fammar yana ciniki.

"Malam, ɗaga ka ji. Alminiyam ne, giya ashirin da ɗaya. Hanyar burji aka yi wa shi."

"Ƙafata ba ta kai feda."

"A sauke sirdi."

"Kariyar ɗora kaya fa? Akuya biyu na sayar don in riƙa kai gyaɗa kasuwa. In ya karye, wane mai walda ne a Kibiya zai liƙa alminiyam? Ba ni na ƙarfe."

"Wannan ba ya karyewa. Wanda ya dawo da shi ma, buhu biyu ya ɗora masa."

"Ya dawo da shi? Amiru, ka ji tsoron Allah. Ba sabo ka ce ba?"

Manomin ya mayar da kuɗinsa aljihu. Duk mai musu ya je ya kankare fentin da farce ya ga tsagewar da aka rufe, keken yana nan jingine.