Awon Tuwo a Shagon Gathogo

Ruwan sama ya tsare ni da cefanena a shagon kayan mota na tsoho Gathogo a Nairobi, sai ga wani direban matatu, motar haya, riƙe da curin tuwon masara a leda.

"Baba, gidan turbo na injin mota nake so, daidai wannan. Na cusa tuwon a maƙogwaron nawa da ya fashe, na ɗauko awonsa."

"Sannu injiniya! Ina miyar? Mu nan da lamba muke aiki. Japanawa faɗin maƙogwaro suke aunawa, su buga sha biyu. Amurkawa su yi nasu lissafin, su buga ɗigo sittin da uku."

"Ai lambar ce ta kashe ni. Wanda aka sayar mini jiya, a hawan Limuru fasinjoji suka sauka suna turi. Gobe mai mota zai karɓe makulli."

"Kai ne ka haɗa lambar Japan da ta Amurka, gwani."

"To naka na sayarwa wacce lamba ce a jikinsa?"

Tsohon ya ɗauko nasa gidan turbon ya juya, ya tofa yawu ya goge. Wallahi tsatsa ce zalla, ta cinye lambar.

"Miƙo tuwon nan," in ji shi. "A hankali, kar ka matse shi."