Rigar Tamimu a Bango

A wani shagon aski da ke unguwar Al'ud, can ƙasar Larabawa, wani dattijon direba ya miƙa wa matashin da ke gefensa waya.

"Ɗan nan, kana jin Turanci? Duba mini bidiyon nan. Ɗana ne, Tamimu, yana jami'a a Amurka. Sun tuɓe masa riga a gaban jama'a, sun rataye ta a bango, yana ta kuka. Na kira, bai ɗauka ba."

Matashin ya kalla har ƙarshe. "Baba, besbol yake bugawa?"

"Wasan dukan ƙwallo da kulkin nan. Shi ke biya masa karatu."

"To ba korarsa aka yi ba. Sun ce tun da aka kafa makarantar ba wanda ya kai shi iya dukan ƙwallo. Lambar rigar nan ba mai sake sa ta."

"A garinmu in aka tuɓe mutum a bainar jama'a, tasa ta ƙare."

"Can girmamawa ce."

"Kukan fa?"

"Na daɗi ne, Baba."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Miƙo wayar in kira kafili, maigidan da nake wa aiki, in ce ya bari. Tun da safe na roƙe shi ya nema wa yaron bizar zuwa nan aikin direba."