Keken da Inna ta ƙi hawa

"Mahaifiyarmu ta haura shekara casa'in, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa wahalar da kowa ba."

Wani mai babbar riga ne ya shaida wa dattijuwar da ke gefensa haka a bencin jiran likitan ƙashi, alhali ba ta tambaye shi ba.

"Allah ya jiƙanta," in ji dattijuwar. "Ke nan da ƙafarta take yawo har ƙarshe?"

"Ina! Ƙafa ta daɗe da ajiye aiki, Hajiya. Na sayo mata keken guragu, ta ce ita ba buhun hatsi ba ce da za a riƙa turawa. Inna ke nan! Kullum da safe sai an fito da ita ƙofar gida, jikoki masu tafiya makaranta su gaishe ta, tana tsokanar kowa da sunan da ta raɗa masa."

"Wa ke fito da ita?"

"Autarmu. Goya ta take yi. Inna ba ta yarda da hannun kowa sai nata."

"Wanka fa?"

"Ai wannan harkar mata ce."

"To, Alhaji, kai me ke damunka?"

"Ni? Garau nake. Rakiya na yo."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira na gaba. Sai lokacin dattijuwar ta lura da matar da ke zaune shiru a ɗaya gefensa. Ta dafa bango ta tashi da kyar, bayanta ya ƙi miƙewa.

"Auta, hanzarta mana, ina da taro."

"To, Yaya," ta ce.