Tagar da Na Toshe wa Rahila

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana matan zumunta. Sunana Saratu. Kun san ni da surutu, kun kuma ga yadda bakina ya mutu shekara guda. Yau zan faɗi dalili.

'Yata Rahila ta haihu a tsakiyar damina, ta dawo gida wankan jego. Ni kuwa ina ji da kaina, 'ya'ya bakwai na haifa, wa zai koya mini jego? Kullum bayan wankan safe sai in hura itace a ƙarƙashin gadon ƙasa, ta kwanta ta gasa jikinta. Ƙanena Sani, wanda ya musulunta yake zaune a Kudai can Makka, ya aiko da bargo mai kauri domin maijego. Maimakon in lulluɓe ta da shi, sai na rataye shi a ƙofa, na toshe taga da tsummoki don kada sanyi ya shiga.

Ranar da abin ya faru, Rahila ta ce, "Inna, kaina na sarawa. Ki ɗan buɗe tagar nan."

Na ce, "Ke dai kin cika raki. Iska ce ke lalata maijego. Kawo yarinyar, ki yi barci."

Na goya jaririyar, na fita dama kunun kanwa. Da na dawo da ƙwarya a hannu, na kira Rahila sau uku. Wayyo Allah! Jikinta da ɗumi, amma ta tafi. Likita ya ce iskar garwashi ce ta taru a rufaffen ɗaki, ba a ganinta, ba ta da wari.

Daga ranar na kasa ɗaukar jikata. In ta yi kuka sai in fice. Na daina zuwa sujada. Da wane hannu zan tafa wa Ubangiji, hannun da ya toshe taga?

Wata Lahadi Sani ya kira ni daga Makka yana kuka. "Yaya, wallahi da ban aiko bargon nan ba..."

Na ce, "Kai, rufe mini baki. Da ƙauna ka aiko shi."

Ina ajiye wayar sai na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, ni ma da ƙauna na yi. Ta roƙe ni, na ƙi ji. Ka gafarta mini, don ni na kasa." Na yi kuka har muryata ta dishe. Jikata ta rarrafo ta kama zanina. Na ɗauke ta, 'yan'uwa! Na goya ta, kamar ranar.

Zuciyata ba ta daina ciwo ba, amma Ubangiji ya ɗaga ni, na gode masa. Ku dogara gare shi. Kuma ina roƙonku, ku da za ku yi wa 'ya'yanku jego bana: ku kwashe garwashi waje kafin maijego ta kwanta, ku bar taga a buɗe. In ta ce kanta na sarawa, ku fito da ita nan take. Tawa ta faɗa mini da bakinta.